Jerin Cizo Uku

Ranar da Auta ta fara ganinsa, ƙafafunsa kawai ta gani, domin sauran jikinsa yana bayan wata doguwar kujera da ta maƙale a ƙofar gidansu. Sabon ɗan haya ne, ya kama shagon da ke jikin gidan zai riƙa gyaran kujeru da katifu. Kujerar ya so ya shigo da ita tsakar gida ya farke ta a inuwa. Direban da ke ɗaki na biyu ya ce a fara auna ƙofar, shi kuwa ya ce awo na masu koyo ne, shi ido kawai yake sa wa abu ya san faɗinsa. Kujera ta shiga rabi ta tsaya, ba gaba ba baya. Tun hantsi har rana ta take, duk mai son fita sai ya yi rarrafe ta ƙarƙashinta, har da Baba mai gidan, mahaifin Auta, wanda ya ɓulla ta ɗaya gefen da hularsa a hannu.

Auta ce ta miƙa wa baƙon kofin ruwa ta tsakanin ƙafafun kujerar. Ya sunkuyo ya karɓa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, ya ce mata da gaskensa, "Wanda ya gina ƙofar nan bai iya aiki ba."

Ta toshe baki da gefen mayafi ta koma ɗaki. A ranar mutanen gidan suka sa masa suna Gwani, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu, bai taɓa zargin da zolaya a ciki ba. A ranar kuma wani abu ya shiga zuciyar Auta ya zauna. Shekara guda ke nan, ba ta faɗa wa kowa ba.

Gidan na haya ne, ɗaki tara da famfo ɗaya. Baba mutum ne mai haƙuri da kusan komai: kukan jarirai, rediyon Mai Aski, bokitin da aka bari a kan hanya. Doka ɗaya gare shi, kuma ba ya sassauta ta. Duk wanda ya kawo masa kuɗin cizo gida, to ya kwashe kayansa. Ya taɓa fama da su shekara biyu a wani ɗaki da ya zauna da ƙuruciya, har yau in aka ambaci sunan ƙwaron sai ka ga hannunsa ya tafi wuya.

Da damina ta sauka sauro ya yi yawa, kowa yana susa. Wata safiya a bakin famfo Direba ya naɗe hannun riga ya ce cikin wasa, "Wannan cizon kuwa na sauro ne? Kada fa a je kuɗin cizo ne."

Baba ya ajiye butar da ke hannunsa.

"Wa ya ce kuɗin cizo?"

"Ba wanda ya ce, Baba. Tambaya na yi."

"To ni ma amsa nake so."

Gwani yana tsaye da burushi a baki. Auta ta daɗe da lura cewa neman hanyar shiga idon Baba yake yi, ta kuma yi zaton ta san dalili, don haka da ta ga ya kurkure baki da sauri sai ta san zai tsoma baki.

"Baba, bar wannan a hannuna," in ji shi. "Shekara goma sha ɗaya ina farke katifu. Babu ƙwaron da ban sani ba, har danginsa na wajen uwa. Fata kawai zan duba in faɗa maka wanda ya yi cizo da ɗakin da ya fito. Sauro a warwatse yake cizo, kamar mai yayyafa ruwa. Ƙuma a idon sawu take tsayawa, ba ta da buri. Cinnaka tun tana jikinka za ka sani. Shi kuwa kuɗin cizo ɗan tsari ne, uku yake yi a jere, kamar maɓallan riga. Ka ba ni mako guda in kawo maka mai laifi."

Goggo mai kitso, wadda ta shekara ashirin a ɗakin ƙurya, kuma a ƙofar ɗakin take sana'arta, ta ce, "Ɗan nan, ka dai fara auna ƙofar."

Aka yi dariya. Baba bai yi ba. Ya ce, "Mako guda."

Da jama'a suka watse, Auta ta tsaya kamar mai ɗauraye kofi, ta ce a hankali, "Malam, na taɓa karantawa a wani ɗan littafi cewa fata kaɗai ba ta isa shaida ba. Wai bakin ɗinkin katifa ake dubawa."

"Masu rubuta littafi sun taɓa farke katifa?" in ji Gwani, yana murmushi irin na mai tausayi. "Ke dai zuba ido."

Kafin azahar ya mayar da shagonsa asibiti. Ya tura tsofaffin kujeru lungu, ya rataya baƙin labule a ƙofa, wai cizo ba ya nuna asalinsa a hasken rana. Ya tanadi tocila, da rula, da biro, da littafin rubuta sakamako. Abin da ya fi alfahari da shi kuwa wani ɗan matashi ne da ya ɗinka da jan karan-miski, ya yi masa ado da igiya a gefe, ya cika shi da soson da ya ciro daga wata tsohuwar kujera da ta daɗe a lungun tana jiran gyara. Mai gwaji na ƙwarai, in ji shi, ba ya barin hannun mutum a kan katako. Duk wanda ya shigo zai naɗe riga ya ɗora hannun dama a kan matashin, kuma ba zai ɗaga ba sai an gama bayani. Bayanin Gwani kuwa ba ya ƙarewa da wuri.

Direba ne na farko. Cizo goma sha huɗu aka samu a hannunsa, a warwatse. Gwani ya ɗora rula, ya juya ta nan, ya juya ta can, har sai da uku suka faɗo kan layi ɗaya. Ya zana musu da'ira da biro.

"Ga su nan. Ɗaya, biyu, uku."

"Na ukun ai tabon allura ne, tun ina yaro."

"A kan tabon ya ciza. Suna son wurin da aka riga aka huda."

"To sauran sha ɗayan fa?"

"'Yan rakiya ne."

Mai Aski ya zo da ƙuraje a ƙarƙashin haɓa. Duk da haka sai da aka sa shi ya ɗora hannu a matashi, domin ƙa'ida ce.

"Ni fa da rezata na yi wa kaina wannan," in ji shi.

"Reza ta buɗe ƙofa, ƙwaro ya shiga."

"Ƙwaron ma aski ya zo?"

"Malam, ni na taɓa koya maka riƙe almakashi?"

Goggo ba don gwaji ta zo ba, don musu ta zo. Ta ɗora hannunta a kan matashin kamar mai ajiye kaya, ta nuna wasu ɗigo uku a bayan hannu ta ce mai ne ya fallatso mata wajen suya. Gwani ya ce mai ba shi da hankalin da zai yi jere. Ta ce shi ma ai ba shi da shi, ga shi yana rubutu. Suka shafe kusan sa'a guda, ita ba ta ɗaga hannu ba, shi bai rufe baki ba. Da za ta fita ta ce gobe za ta dawo su ƙarasa.

A ƙarshen yini kowa a gidan yana yawo da da'irar biro a jiki, ban da Baba, wanda ya ce shi sakamako yake jira, ba kallo ba.

Washegari aka shiga magani. Gwani ya ba da umarni a fitar da kowace katifa a shanya a kan rufi, rana ta gasa su. Goggo ta dubi gabas ta ce ita dai ba ta yarda da wancan gajimaren ba.

"Ni ruwa tun saura kwana biyu nake jin ƙamshinsa," in ji Gwani. "Yau ko ɗigo."

Ruwan ya sauko ana cikin cin abincin rana, ya kuma zuba kamar da gayya. Katifa takwas suka sha suka ƙoshi. Ta Goggo ce kaɗai ta tsira, domin ta ƙi fitar da ita. Ta Direba da mutum ɗaya ya ɗora, sai da mutum huɗu suka sauko da ita, kuma a rabin hanya ta kuɓuce musu ta faɗo kan igiyar shanya, ta tafi da wankin ɗaki uku. Gwani ya tsaya a cikin taɓo ya ce hakan ma ya yi daidai, domin kuɗin cizo bai iya iyo ba.

Kwana na uku ya tafasa ruwa a babbar tukunya ya kwarara wa gadon Direba, lungu-lungu. Ruwan zafi ya narkar da gam ɗin da ke riƙe da katakon. Direba ya dawo daga aiki ya zauna zai cire takalmi, gado ya naɗe da shi a tsakiya, ƙafafunsa a sama.

"Gwani," ya kira daga ciki, muryarsa a sanyaye, "zo ka auna ni."

Daga nan aka koma kan rediyon Mai Aski, wai ƙwarin suna son ɗumin cikinta. Gwani ya kwance ta, bai ga komai ba, ya mayar, ƙusa biyu suka yi saura. Tun daga ranar ba ta ƙara magana ba sai tari.

Da safiyar kwana na huɗu mutanen gidan suka taru za su kai ƙara wajen Baba. Suna cikin shirya wanda zai fara magana, Direba ya sa hannu zai yi susa, sai ya tsaya. A cikin hannunsa, tsakanin wuyan hannu da gwiwa, ga jajayen ƙuraje uku a jere, ba sa bukatar rula. Mai Aski ya duba nasa, ga huɗu. Matar ɗaki na shida ta duba, ga nata. Ƙarar ta mutu a wurin.

"Ban faɗa ba?" in ji Gwani, yana tafiya a tsakaninsu hannu a baya. "Ni tun kafin cizon ya fito nake ganinsa."

Labari ya fita layi. Maƙwabta suka fara zuwa gwaji, suna jira a bakin labule. Gwani ya ƙara da sabon ilimi: wanda ya fi kusa da gidan ƙwaron shi zai fi yawan cizo, don haka lissafi kawai za a yi. Kullum yana ƙirgawa yana rubutawa, kullum kuma sunan Goggo ne a sama, ita da ba ta fashin zuwa musu. A kwana na biyar wata mata tana zaune ana yi mata kitso, ta ga Goggo ta saki gashi ta soshi hannu. Matar ta miƙe da rabin kai a kitse, rabi a tsefe, ta ɗaura ɗankwali ta ce ta tuna ta bar tukunya a wuta. Ba ta dawo ba. Waɗanda suka yi alkawarin zuwa da yamma su ma ba su zo ba. Goggo ta zauna a kan kujerarta da mataji a cinya, tana kallon ƙofa.

Akwai kuma wadda ba ta cikin littafin. Ranar farko Auta ta je da cizon sauro guda ɗaya tak, wanda ta san na sauro ne, domin da idonta ta ga mai shi. Rana ta biyu ta koma ta ji ko yana warkewa. Ta uku ta kai masa shayi, ya ce tunda ta zo a sake dubawa. Daga nan ta daina neman dalili. Sai ta bari layi ya ƙare, ta shiga ta ɗora hannu a kan jan matashin, shi kuma ya kunna tocila. Amma mutumin da ke ƙure fatar kowa, nata hannun bai taɓa iya kallonsa ba. Hasken sai ya tafi bango, ko rufi, shi kuma ya kama ba ta labarin irin shagon da zai buɗe wata rana, mai ƙofar gilashi, da kujerar da zai ƙera wadda ba a taɓa yin irinta ba. Rabin maganar ba gaskiya ba ce, ta sani. Amma tana son yadda muryarsa ke sauka in ya manta da cika baki, ya koma zancen mahaifiyarsa da ta koya masa zura zare a allura.

A kwana na shida ta zauna bakin taga ta naɗe hannun riga ta ƙirga. Ashirin da bakwai. Duk a hannun dama, duk ta ciki, kuma sun bi layi mai ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Ta juya katifarta, ta bi bakin ɗinkin da yatsa daga kusurwa zuwa kusurwa. Babu baƙin ɗigo, babu tabon jini, babu ko ɓawo. Ta je ɗakin Goggo ta ce ta zo taya ta kakkaɓe shimfiɗa, ta bi tata katifar haka nan. Fes.

"Goggo, a wane hannu naki suke?"

"Dama. Na hagun ko sauro ya raina shi."

Auta ta tsaya da zanen gado a hannu. Ta san inda ta taɓa ganin layin nan mai lanƙwasa. Igiyar adon matashi ce.

Ta same shi a shago yana goge rula.

"Malam, game da matashin nan..."

"Ya burge ki ko? Zan ɗinka miki irinsa, har ya fi."

"Ba haka ba. Soson da ke ciki, daga ina..."

"Soso na da ne, yanzu ba a yin irinsa. Auta, gobe za ki ga aiki. Gobe Baba zai san wanda ke zaune a shagonsa. In na gama, akwai maganar da zan kai masa." Ya dubi bango. "Babbar magana."

Ta buɗe baki a karo na uku, sai ga maƙwabci ya ɗaga labule da hannu a naɗe. Ta fita. Lissafin bai yi mata wuya ba. In ta yi shiru, Goggo za ta bar ɗakin da ta shekara ashirin a ciki. In ta yi magana, dokar za ta faɗa kan wanda ta fi so kada ta faɗa wa, kuma sai ta nuna hannunta a gaban Baba.

Ranar bakwai da la'asar kowa ya fito tsakar gida, har da 'yan layi a bakin ƙofa. Gwani ya fito da tebur, ya jera tocila da rula da littafi, ya ɗora jan matashin a tsakiya kamar kambun nasara. Ya yi jawabi a kan tarihin ƙwari wanda ya sa jariri biyu barci. Sannan ya buɗe littafi.

"Mai Aski, bakwai. Direba, goma sha ɗaya. Goggo, ashirin da ɗaya." Ya rufe. "Ba ni na faɗa ba, lissafi ne. Gidan ƙwaron yana ɗakin ƙurya."

Kowa ya jira Goggo ta wanke shi tas. Amma ina. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta, sai a lokacin Auta ta ga yadda ta tsufa.

Baba ya yi gyaran murya. "Goggo, kin san doka. Ba ni da yadda..."

"Baba, a ƙirga nawa tukuna."

Muryar ta fito ƙarama, amma kowa ya ji, domin ba a saba jin ta a taro ba. Auta ta matso ta naɗe hannun riga. Direba ya sunkuya yana ƙirgawa da baki, ya kai ashirin da bakwai, ya sake daga farko don ya tabbata.

"To fa," in ji Mai Aski. "Ashe gidan ƙwaron a ɗakin mai gida yake. Baba, yaushe za ka kwashe?"

Hannun Baba ya tafi wuya.

"Na duba katifata, na duba ta Goggo, babu komai," in ji Auta. "Don Allah kowa ya naɗe hannun hagu."

Aka naɗe. Cizon sauro nan da can, shi ke nan.

"Yanzu na dama."

Jere, jere, jere, duk a wuri ɗaya, kamar tela ɗaya ya ɗinka su.

"Wane irin ƙwaro ne ke shiga ɗaki tara ya zaɓi hannun dama?" ta tambaya, idonta a ƙasa.

"Akwai su," in ji Gwani da sauri. "Wani jinsi ne. Ba su da yawa. Suna da ladabi."

"Baba kuma ko ɗaya ba shi da shi, ga shi bango ɗaya ne tsakanina da shi. Shi kaɗai ne bai je gwaji ba." Ta juya wajen Mai Aski. "Kawu, ara wa Baba reza."

Baba ya karɓi rezar, ya jawo matashin gabansa, ya tsaga shi a bin igiyar ado. Karan-miskin ya buɗe. Bakin ɗinkin duk baƙin ɗigo ne kamar an barbaɗa, ga ɓawo fari-fari, ga wani ɗan wari da Baba ya gane tun kafin ya gani. Sannan masu gidan suka fito, jajaye-jajaye, shafaffu, a ƙoshe, suka bazu a kan tebur, wasu suka haye littafin sakamako. Jama'a suka ja da baya kamar an watsa ruwan zafi. Direba ya cire takalmi ya fara aiki.

Gwani ya dubi teburin, ya dubi Baba.

"Dama... na ajiye su ne don kwatanci."

Mai Aski ne ya fara dariya, sannan gidan ya ɗauka gaba ɗaya, har 'yan bakin ƙofa suna dafa bango. Matar ɗaki na shida ta ce ashe kullum layi suke bi suna kai wa ƙwari abinci har gida. Direba ya ce shi dai a rubuta masa shaida cewa ya ba da jini.

Goggo ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ƙarfinta ya dawo. Ta zagaya teburin ta tsaya gaban Gwani, ta dube shi sama da ƙasa, sai kuma ta wuce shi ta tsaya gaban Auta.

"'Yar nan, Allah ya yi miki albarka. Amma akwai lissafin da bai fita ba. Ni kullum sai na je na yi sa'a guda ina musu da shi, na samu ashirin da ɗaya. Ke da ba kya musu, me kike yi a can har kika fi ni da shida?"

Dariyar ta tsaya. Auta ta sauke hannun riga, ta ɓalla maɓallin a hankali.

"Saurare nake yi," ta ce.

"Shi ɗin?" in ji Direba. "Da son ranki?"

Baba ya daɗe yana kallon 'yarsa, sannan ya juya ga Gwani, wanda a karon farko tun da aka san shi bakinsa yake buɗe ba magana.

"Doka ɗaya gare ni," in ji Baba. "Da Goggo ce, da ta tafi. Kai ne, za ka tafi. Amma sai ka gyara gadon mutum, da rediyon mutum, ka busar da katifa takwas, ka bi bakin ɗinkin kowacce a gaban mai ita. Ka kuma bi layi gida-gida ka faɗa da bakinka cewa ɗakin Goggo fes yake."

Kwana goma aikin ya ci. Ya yi shi baki a rufe, abin da ya sa Mai Aski ya ce shi kam gidan ya fara ba shi tsoro. An ƙone matashin da tsohuwar kujerar a bayan gida. Matar nan mai rabin kitso ta dawo aka ƙarasa mata, ta kuma zo da ƙanwarta.

Ranar tafiya da hantsi Auta ta fito da tsintsiya, ko da yake an riga an share ƙofar gidan. Gwani yana ɗaure keken ɗinkinsa a kan amalanke. Baba yana zaune a kan benci, taku biyar daga wurin, da jarida a buɗe wadda bai juya shafinta ba tun da ta fito.

"Na sami wani shago," in ji Gwani, bai ɗago ba. "Bayan kasuwa. Ƙarami ne. Babu gilashi."

"Allah ya sa albarka."

Ya ja igiya, ya sake ja, ko da yake ta ɗauru. "Da kin faɗa mini ni kaɗai."

"Na gwada sau uku a rana ɗaya. Kana magana."

Ya gyaɗa kai. "Hannun ya warke?"

"Saura tabo."

"Maganar da na ce zan kai wa Baba," ya ce, ya rage murya, "na ajiye ta. Mutumin da ya ciyar da ƙwari da jinin 'yar mutane ba ya zuwa da irin wannan magana. Ko da yake, in aka duba ta wani ɓangaren, ni ne na gano inda suke, tunda ba don matashin..."

"Malam."

Ya yi shiru.

Ta jingine tsintsiyar a bango. Ba ta rage murya ba, ta ma ɗan ɗaga ta, yadda za ta kai benci.

"Ka bari ka zauna a sabon shagon, ka zo ka sami Baba da maganarka. Ka faɗe ta a gajarce. In ya kira ni ya tambaye ni, ko a gaban wa, zan ce ina so. Na yi maka wannan alkawarin."